TSAIKO KAFIN BAIBAYA: SHAWARA GA MAI FARA KOYON ƘIRA DA KWAMFUTA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake yi wa ɗaki jinka. Gwanin aikin ba ya farawa da ciyawa. Tsaiko yake fara haɗawa a ƙasa, ya jera itatuwa, ya kewaye su da tanka zobe bayan zobe, ya ja da baya ya dube shi ta kowane gefe, ya gyara inda ya karkace. Sai hankalinsa ya kwanta da tsaikon sa'an nan ya ce a miƙo shuci a fara baibaya. Ya sani sarai, in tsaiko ya karkace, komai kyan ciyawar da aka rufa, damina za ta tona asiri.

Na kawo wannan misali ne domin in yi magana a kan wani fannin ilmi da ɗalibanmu na sakandare suka fara jin labarinsa, watau zana siffar abubuwa da taimakon na'ura mai ƙwaƙwalwa, musamman ɓangaren da zan kira ƙirar fuska. Ra'ayina shi ne, ya kamata yaran Maradun da Talata Mafara da Bakura su koyi wannan ilmi tun suna sakandare, kuma hanyar koyonsa tana farawa ne daga igiya da turke da ƙwarya, kafin a kai ga taɓa kwamfuta. Mai karatu na iya mamakin abin da ya haɗa malamin ilmin halittu da zanen injiniyoyi. Zan ba da amsa a gaba, amma bari mu fara sanin abin da ake nufi da ƙirar fuska.

Mece Ce Ƙirar Fuska?

Akwai hanyoyi uku da ake bi a gaya wa kwamfuta siffar wani abu. Hanya ta farko ita ce a zana ƙasusuwan abin kawai, layi-layi, kamar tsaikon da ba a baibaye ba. Ana ganin siffar, amma ko'ina a buɗe yake. Hanya ta biyu ita ce a ƙera abin a dunƙule, kamar bulo ko curin ƙarfe, a riƙa huda shi ana datsewa har ya zama abin da ake so. Wannan ita ta fi dacewa da kayan inji masu gefe a miƙe, irin su noti da ƙusa da bututu.

Hanya ta uku ita ce ƙirar fuska. A nan abin da ake zanawa shi ne fatar da ta lulluɓe abin, fata wadda a lissafi ba ta da kauri ko kaɗan. Ana komawa ga wannan hanya idan abin yana da lanƙwasa iri-iri wadda ba da'ira ba ce kuma ba miƙaƙƙen layi ba: jikin mota, fiffiken jirgin sama, kwanon garmar shanu wanda ke murɗa ƙasa ya kifar da ita gefe, ko mazaunin ƙafar roba da dole ya yi daidai da dungun mai ita. Doron ƙasa ma, da tudunsa da kwarinsa, fuska ce irin wannan.

Daga nan mai karatu zai fara hango dalilina. Kusan duk abin da muke nazari a ilmin halittu lanƙwasasshe ne, kuma aikinsa yana rataye ne ga fuskarsa. Faɗin ganye shi ke tarbar hasken rana. Huhun babban mutum, da za a shimfiɗa ƙananan jakunkunan iskar da ke cikinsa, da sun rufe fili kimanin murabba'in mita 70, kuma ta wannan fili ne iska ke shiga jini. Tun a 1917 wani masani ɗan ƙasar Sikotland, D'Arcy Thompson, ya nuna cewa in aka zana kifi a kan takarda mai layukan raga, aka ja ragar ta karkace, sai siffar wani jinsin kifin dabam ta fito. Abin da ya yi da alƙalami shi ne kwamfuta ke yi yanzu cikin ƙiftawar ido.

Inda Abin Ya Samo Asali

Ɗalibi zai fi sakin jiki da wannan ilmi in ya san cewa daga hannun masassaƙa ya fito. Masu ƙera jiragen ruwa a Turai sun daɗe suna zana jikin jirgi da ainihin girmansa a kan daɓen katako. Domin su sami lanƙwasa mai santsi, sukan ɗauki doguwar tsumagiyar katako mai laushi, su danne ta a wurare kaɗan da curin dalma, su bar ta ta lanƙwashe da kanta a tsakani, sa'an nan su bi gefenta da fensir. Waɗannan curin dalma suna kiransu agwagi saboda kamarsu. A 1946 masanin lissafi Isaac Schoenberg ya ba da bayanin irin wannan lanƙwasa da lissafi, ya kuma laƙaba mata sunan tsumagiyar.

Masu ƙera motoci a Faransa su suka kai abin ga kwamfuta. A 1959 Paul de Casteljau, ma'aikacin kamfanin Citroën, ya gano hanyar fitar da lanƙwasa daga ɗigo kaɗan, amma kamfanin ya ɓoye aikin a matsayin sirrin sana'a. Pierre Bézier na kamfanin Renault ya kai ga irin wannan sakamako ta hanyarsa a cikin shekarun 1960, ya kuma wallafa, shi ya sa lanƙwasar ke ɗauke da sunansa har yau. A Amurka kuwa, Ivan Sutherland ya nuna manhajar Sketchpad a 1963, inda mutum ke zane kai tsaye a fuskar na'ura da alƙalamin haske. A 1967 Steven Coons ya bayyana yadda za a cike fata a tsakanin layuka huɗu da suka kewaye wani fili, watau baibaya ke nan da lissafi. A 1975 Ken Versprille ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tsarin da ake kira NURBS a taƙaice, wanda galibin manhajojin ƙira ke amfani da shi a yau. Jirgin Boeing 777, da ya fara ɗaukar fasinja a 1995, an zana shi baki ɗaya a kwamfuta da manhajar CATIA.

Abin lura a cikin wannan tarihi shi ne, tsumagiya ta riga kwamfuta da ɗaruruwan shekaru, kuma ƙa'idar masassaƙan jirgi ba ta canza ba: agwagi kaɗan, a wuraren da suka dace.

Abin Da Katantanwa Ta Koya Mini

Na shiga wannan fage ne ina da shekara arba'in da ɗoriya, da digiri na uku a hannu, ina tsammanin aikin mako guda ne. Ina koyar da ɗalibai rayuwar tsutsar da ke kawo cutar tsargiya, watau fitsarin jini, wadda ke rainon 'ya'yanta a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa mai suna Bulinus. Katantanwarsa ba ta wuce farcen ɗan yatsa ba, saboda haka na yi niyyar zana ta a kwamfuta, in faɗaɗa ta, in riƙa juya ta a gaban aji.

Na ɗauki hoton katantanwar, na sa shi a bayan allon zane, na dinga dasa ɗigo a gefenta ɗaya bayan ɗaya, fiye da ɗari, da zaton yawan ɗigo shi ne daidaito. Da na umurci na'urar ta baibaye, abin da ya fito ya fi kama da busasshiyar kuɓewa. Ko'ina ƙulu ne da lotsawa. In na gyara nan, can ya ɓaci. Na shafe makonni ina zargin manhajar da tsufan kwamfutata.

Mafita ta zo ne daga fagen da na baro, ba daga littafin koyon manhajar ba. Na tuna aikin David Raup, masanin burbushin halittun da, wanda a 1966 ya nuna cewa ana iya fitar da siffar katantanwa iri-iri daga ma'auni kaɗan: yadda bakin ke ƙara faɗi a kowane zagaye, nisansa daga sandar tsakiya, da yadda yake gangarawa a kan sandar. Na share ɗigona duka. Na zana siffar baki guda, na zana hanyar da ke murɗawa, na bar bakin ya bi hanyar yana girma. Kafin la'asar katantanwa ta fito sumul.

Washegari na kai ta aji ina taƙama. Wata ɗaliba 'yar Bakura, wadda ta sha tsintar irin wannan katantanwa a bakin magudanar ruwa, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai wannan bakinta dama yake kallo." Na duba, na ga gaskiyarta. In ka riƙe katantanwar Bulinus tsininta yana sama, bakinta yana fuskantarka, a hagu bakin yake. Tawa ta murɗa ta ɗaya gefen. Na ce mata, "Kin yi daidai, 'yata, na gode." Kwamfuta ta yi abin da na gaya mata ba tare da kuskure ba, amma ba ta taɓa ganin dodon koɗi ba. Yarinyar ta gani.

Matakai Ga Mai Farawa

Daga wannan wahala da na sha nake ba ɗalibai da malamansu shawarar su bi matakai kamar haka.

Mataki na farko a filin makaranta ake yinsa. A kafa turaku uku, kada su kasance a layi ɗaya. A ɗaura igiya daga na farko zuwa na tsakiya, wata daga na tsakiya zuwa na ƙarshe. A nemi rabin kowace igiya, a haɗa rabin biyu da igiya ta uku, a nemi rabinta ita ma, a ajiye dutse a wurin. A sake yi, amma a maimakon rabi a ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na kowace igiya, ana aunawa daga ɓangaren turken farko. A sake yi da kashi uku cikin huɗu. In aka bi duwatsun da yatsa a ƙasa daga turken farko zuwa na ƙarshe, za a ga baka mai kyau ya fito. Wannan ita ce hanyar de Casteljau, ita ce kuma kwamfuta ke maimaitawa sau dubbai. Ɗalibi zai ga da idonsa cewa bakan ya taɓa turken farko da na ƙarshe, amma bai taɓa na tsakiya ba, turken yana jansa ne kawai. A cire turken tsakiya a matsar da shi, a ga yadda bakan ke binsa. Wanda ya gane wannan ya gane ɗigon da ake ja a cikin manhaja.

Mataki na biyu shi ne sanin dabaru huɗu, domin kusan kowace fuska daga cikinsu ake samar da ita, ko da sunansu ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja. Akwai miƙawa: a zana siffa a tura ta gaba a miƙe, kamar yadda taliya ke fitowa daga injinta. Akwai juyawa: a zana rabin gefen abu a kewaya shi a kan sanda, sai ƙwarya ko tulu ko randa ta fito. Akwai bi da hanya: a sa siffa ta bi layi mai lanƙwasa, kamar magudanar ruwa ko katantanwata. Sai baibaya: a jera siffofi daban-daban a shimfiɗa fata a kansu. Tarwaɗa ta fi komai dacewa da wannan gwaji, domin kanta a baje yake, tsakiyarta kewayayya, wutsiyarta kuma a matse ta gefe. Yanka biyar ko shida sun isa su ba da siffarta.

Mataki na uku shi ne awo. A ɗauko ƙwarya ta gaske, a auna faɗin bakinta da zurfinta, a zana gefenta da ɗigo huɗu kacal, a juya, a tambayi manhajar yawan ruwan da za ta ci. Alal misali, ƙwaryar da ta yi daidai da rabin ƙwallo, mai faɗin baki santimita 20, lissafi ya ce za ta ci lita 2 da ɗigo 1. Sai a cika ƙwaryar da ruwa a auna da kwalba mai lita ɗaya. In adadin biyu suka yi nisa da juna, zanen ne ke da laifi, sai a koma a gyara. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya saba gwada zanensa da abu na gaske ba zai yarda da duk abin da allon na'ura ya nuna masa don kawai yana sheƙi ba.

Mataki na huɗu shi ne lura da mahaɗa. Babban abu ba a yinsa da fata guda, gunduwa-gunduwa ake haɗawa kamar ɗinkin ƙwallo. Haɗuwar kuwa hawa uku ce. A hawa na farko fatun biyu sun taɓa juna amma akwai kusurwa, kamar gefen tebur. A na biyu babu kusurwa, hannu zai wuce ba tare da ya ji kaifi ba, amma lanƙwasar ta fara ne farat ɗaya, kamar direban da ya fizgi sitiyari. A na uku lanƙwasar na ƙaruwa sannu a hankali, kamar direban da ya shiga kwana a natse. Manhajoji da yawa suna da hanyar gwada wannan: sukan haska zane irin na jakin dawa a kan fuskar, in layukan suka tsinke ko suka karye a mahaɗa, akwai gyara. Haka kuma a tabbata babu kafa tsakanin gunduwoyin. Fuskar da ke yoyo ba za ta ba da awon ciki ba, injin da ke buga abu daga zane ma ba zai karɓe ta yadda ya kamata ba.

Game da manhaja kuwa, ba sai an kashe kuɗi ba. FreeCAD kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma a watan Nuwamba na 2024 aka fitar da bugunta na 1.0. Rhino, wadda masu ƙirar fuska ke yabo, ta kuɗi ce. Shawarata ita ce ɗalibi ya riƙe guda ɗaya har ya ƙware, ya kuma guji bin bidiyo yana danna duk abin da mai bidiyon ya danna. Mai yin haka zai ƙera irin motar da aka nuna masa, amma in aka ajiye masa ludayi a gabansa sai ya rasa ta inda zai fara.

Darasin Bakalori

Yanzu sai in zo ga dalilin da ya sa na ambaci Maradun da maƙwabtanta. Babu wata al'umma a ƙasar Zamfara da ta ɗanɗani abin da zanen fuskar ƙasa ke iya yi kamar mutanen wannan yanki. An fara ginin madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit mai alaƙa da Fiat na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978. Bangon ya kai tsawon kilomita 5 da rabi, tsayinsa a tsakiya mita 48. An tsara tafkin ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma rufe fili kimanin hekta 8,000.

Ga ɗan lissafi da kowane ɗan aji huɗu zai iya yi. Hekta 8,000 daidai take da murabba'in mita miliyan 80. In ka raba miliyan 450 da miliyan 80, za ka sami mita 5 da ɗigo 6. Ma'ana, duk da tsayin bangon, matsakaicin zurfin tafkin bai kai mita 6 ba. Siffarsa ta fi kusa da faifai a kan tulu. A irin wannan kwari mai faɗi, ƙarin mita ɗaya a tsayin ruwa yana nufin gonaki masu yawa sun nutse.

A wancan zamani ba da manhajojin yau aka yi aikin ba, da awon safiyo da taswira mai layukan tudu aka yi, amma ilmin ɗaya ne. Wani ya auna doron ƙasa, ya ja layi a inda ruwa zai tsaya. Duk gida da gonar da suka faɗo ƙasa da layin sun tafi. Dubban iyalai aka tayar. Manoma suka yi ta kokawa a kan diyya da filayen da aka ba su, har suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A ƙasan madatsar ma, binciken da masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya wallafa a 1985 ya nuna yadda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadama, domin fadama shimfiɗaɗɗiya ce, ɗan ragi a tsayin ruwa kan bar fili mai yawa a bushe.

Ba ina cewa da manoman sun iya karanta taswira da ba a zubar da jini ba. Rikicin na diyya ne da adalci. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da aka ja layi a kan gonakinsu ba su da hanyar duba layin da kansu, balle su tambayi abin da zai faru in an sauko da shi mita ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Aikin kuwa bai ƙare ba. Kowace madatsa tana tara laka a ƙasanta shekara bayan shekara, siffar kwarin na canzawa, ruwan da take riƙewa na raguwa. Magudanai na lalacewa ana gyarawa, Bakalori ma tana cikin wuraren da shirin gyaran noman rani wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya shafa. A matsayina na malamin ilmin halittu, na san siffar magudana da gangararta su ke yanke saurin ruwa, dodon koɗin tsargiya kuwa ruwa mai kwanciya da ciyayi yake so. Wanda ya zana magudana, ya sani ko bai sani ba, yana da hannu a lafiyar yaran da za su yi wanka a cikinta. Ina so in ga 'ya'yan wannan yanki a cikin masu yin zanen.

Kayan koyon ma sun samu. A watan Fabrairu na 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya auna tudun mafi yawan doron duniya da na'urar rada, a 2014 kuma aka saki awon nahiyar Afirka kyauta, ɗigo ɗaya a kowace mita 30. Da manhajar QGIS, ita ma kyauta, ɗalibi na iya ganin tudu da kwarin garinsu, ya ja layukan tudu, ya bi inda ruwan sama ke gangarawa. Awon bai kai a gina magudana da shi ba, kuma ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin ruwan tafki, amma ya isa koyo.

Masu Cewa Ba Lokacinsa Ba Ne

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce. Za su ce makarantun da ba su da wutar lantarki, wasu ma ba su da kujeru, ina su ina ƙira da kwamfuta? Za su tuna mini cewa a watan Agusta na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba na shekarar kuma suka kwashe fiye da 70 a makarantar sakandare ta Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Za su ce a fara samun zaman lafiya tukuna.

Maganarsu tana da nauyi, ba ni kuma da amsar da za ta share ta. Iyayen da ke fargabar tura ɗa makaranta ba su da lokacin jin labarin Bézier. Amma ina roƙon a duba abu biyu. Na ɗaya, rabin abin da na zayyana ba ya bukatar wuta ko na'ura: igiya, turaku, ƙwarya, ruwa, takarda mai layukan raga. Malamin lissafi da na zanen fasaha da na ilmin halittu za su iya haɗa kai su yi shi a cikin darussan da suke koyarwa yanzu, ba tare da an ƙara komai a manhajar karatu ba. Na biyu, yaron da ke aji ɗaya a yau ba zai tsaya da girma yana jiran a gama gyara ƙasa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauran rabin, wanda ke bukatar kwamfuta, a nan ne manyan makarantun yankin za su taimaka. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai kuma Jami'ar Jihar Zamfara. Ina ba da shawara su riƙa buɗe ɗakunan kwamfutocinsu lokacin dogon hutu ga malaman sakandare tukuna, ko da na mako biyu ne, domin malami ɗaya da ya iya zai kai ilmin ga ɗalibai ɗaruruwa. Kwamfutar hannu guda da faifan hasken rana sun isa aji ya yi aiki rukuni-rukuni, in dai kowane rukuni ya zo da awonsa da zanensa a takarda.

Kammalawa

Ya kai ɗalibi, in ka sami damar zama gaban kwamfuta, kada yawan maɓallan da ke allon ya firgita ka, kada kuma ya ruɗe ka. Kafin ka taɓa ko ɗaya, ɗauki abin da kake son zanawa ka juya shi a hannunka. Tambayi kanka layuka nawa ne ke riƙe da siffarsa, wace dabara cikin huɗun nan za ta fitar da fatarsa, da me kuma za ka gwada zanen in ka gama. Fara da ƙwarya, ka wuce zuwa ludayi, sa'an nan tarwaɗa, sa'an nan kwarin da ke bayan garinku. Za ka ɓata da yawa kamar yadda na ɓata, sannu kuwa ba ta hana zuwa.

Ku kuma malamai 'yan'uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana za a sake zuwa da taswira a shimfiɗa a gaban dattawan Maradun ko na Bakura, a ce ga inda hanya za ta bi, ga inda ruwa zai tsaya. Fatana shi ne a ranar a sami wani daga cikin yaran da ke gabanmu yanzu, namiji ko mace, da zai sunkuya ya karanta layukan, ya yi wa iyayensa bayani da Hausa, ya kuma nemi a nuna masa awon da aka dogara da shi. Igiya da turaku uku sun isa a fara a wannan zangon karatu.